Muryar Kawu kan saman soron cikin birni

Assalamu alaikum 'yan gida. Kai auta, na ji muryarka. Ka ce an yi maka tallan saman wani tsohon soron bene a wajen Koki, ginin ƙasa, ba a taɓa gyara shi ba, ƙasan kuma yana hannun 'ya'yan mai gidan, wai ko kuɗin ya yi yawa. To ni ba kuɗin ne ya dame ni ba. Abin da kake son ji shi ne ko za ka zauna a ciki lafiya, ba ruwa ba kotu.

Gidan cikin badala da wuya ka tarar mai shi mutum ɗaya ne. Kaka ya rasu ba a raba ba, uba ya rasu ba a raba ba, yanzu wata tana aure a Jos, wani yana Saudiyya ko labari bai ji ba. Shi wanda ya kawo maka tallan, wane ne a cikinsu? An raba gadon a gaban alƙali? Ina takardar? Domin a Malikiyya, in ba a raba ba ɗaya ya sayar da rabonsa, abokin tarayyarsa yana da shuf'a, wato haƙƙin fanso rabon da aka sayar. Sai ya mayar maka da kuɗinka ya karɓe abinsa, kai kuwa ka gama wahala. Ka je wajen mai unguwa da ƙafarka, ban da dillali. Ka leƙa KANGIS, hukumar rajistar filaye ta jihar Kano, ka ji ko gidan ma yana da rajista, tunda tun dokar filaye ta 1978 filin birni a hannun gwamna yake. Kuma kai da za ka sayi sama, ko taki ɗaya ba ka da shi a ƙasa fa. Matakalar a tsakar gidan wa take? Banɗaki fa? Indararonka kan wa zai zubar da ruwa? In bangon ƙasa ya tsage, kai za ka gyara ko su? Duk a rubuta, da shaidu.

Sai ginin. Ka nemi tsohon magini, ba waɗannan yaran bulo ba. Ya hau ya duba azara. Azarar giginya gara ba ta cika damunta ba, amma bakinta da ya shige cikin bango, in ruwa ya daɗe yana zama, nan take ruɓewa, ido kuma ba ya gani. Rufin ƙasa nauyi gare shi. Ka taka daɓen ka ji ko yana lotsawa. In da bakan gizo a ɗakin, wato lanƙwasasshen ginin nan da ke riƙe rufi, a duba ko ya fara buɗewa daga tsakiya. Kada ka yarda a nuna maka shi da rani kawai, ka je a Agusta, bayan an tafka ruwa.

Abu ɗaya, don Allah, in ka saya kada wani ya ce maka a shafe shi da siminti. Kun dai san abin da aka yi mana a zauren Baba a nan gida. Wani ɗan kwangila ya zo da daɗin baki, wai zamani ya wuce yaɓe. Na ce a'a, aka ce Kawu ya cika gardama. Ya lafta siminti a kan tubali, ya karɓi kuɗinsa ya tafi. Siminti ba ya kama ƙasa, ruwa ya riƙa shiga ta baya, ba hanyar fita, bangon ya jiƙe ta ciki, wata rana da asuba sai ji muka yi rim! Har zankon ya tafi. Har yau in mun haɗu a kasuwar Ringim kauda kai yake. Alhali iyayenmu da makuba suke yi, ta ɓawon ɗorawa, a birni kuma ga katsi daga marina, irin ta Ƙofar Mata. Gidan Makama tun zamanin Sarki Rumfa yake, ƙarni na 15, me ya riƙe shi? Yaɓe ne a kai a kai, ba komai ba. Zauren nan da hannunsa Baba ya... to, a bar wannan.

Na ce kuɗi bai dame ni ba, a'a, akwai inda ya dame ni: kuɗin gyara. Lungunan nan tifa ba ta shiga. Yashi, katako, kwano, duk a bakin titi za a sauke, 'yan kura da masu baro su kwasa, kowane sawu da kuɗinsa. Ƙasar yaɓen ma sai an sayo daga waje, kududdufan da ake haƙa a da an cike da yawansu an yi gini, shi ya sa ruwa yake komawa gidajen mutane. In kuma za ka sauke rufin ka canja fasali, sai da izinin KNUPDA, hukumar tsara birane ta jihar Kano.

Kada ka ba da ko kafin alƙalami tukuna. Turo min hoton azarar da gindin bangon ta waje. In na gama cire gyaɗa zan shigo Kano mu je tare, amma ka gaya wa dillalin nan ba da shi ba.