Bitar rubuce-rubucen bincike: ko tana da amfani ga ɗalibin likitanci?

Tambaya: Malam, ina aji huɗu a karatun likitanci. Wani malaminmu ya ce in taya shi tattara binciken da aka wallafa kan ciwon sikila, mu rubuta bita. Ba mu da ɗakin gwaji ko marasa lafiya. Anya ba ɓata lokaci ba ne? Daga wata ɗaliba, Zariya.

Amsa: 'Yata, ki karɓa. Ko ba komai, kundin da za ki rubuta a sashen lafiyar al'umma kafin ki kammala, da wanda ake nema lokacin horon ƙwarewa, duk sai da babin bita.

Amma "ciwon sikila" ya yi faɗi. Ki matse tambayar, misali tasirin maganin hydroxyurea ga yara 'yan ƙasa da shekara 5. Ki bincika PubMed, rumbun binciken likitanci a intanet, ki haɗa da African Journals Online, rumbun mujallun Afirka, domin akwai aikin likitocinmu da yawa a can. Ki rubuta kalmomin da kika nema da ranar neman, ki adana takardun a manhajar Zotero. Idan bita mai tsari ce (systematic review), ku yi rajista a PROSPERO, shafin rajistar irin wannan bita, ku bi ƙa'idojin PRISMA na 2020 na rubuta rahotonta, kuma mutum biyu su tace takardun, kowa daban.

Inda ake faɗuwa: karanta taƙaitawar takarda kawai, alhali gazawar bincike a sashen da ya bayyana yadda aka gudanar da shi take ɓoye. Sai kwafe jimlolin wasu, da mujallun da kuɗi kawai suke so ba tare da tantancewa ba.

Tun yanzu ku daidaita matsayin sunanki cikin marubuta, kuma kada aikin ya ci lokacin zagayen ɗakin marasa lafiya.