Dalilin Fasa Dutse Kafin a Ba Shi Suna

Ɗana, ka tambaye ni me ya sa masu nazarin duwatsu ba sa ambaton sunan dutse sai sun buge shi da guduma sun duba cikinsa. Dalilin shi ne bayan dutse yana yaudara. Ruwa da iska suna cin sa shekara da shekaru, felspa, wani ma'adini da ke cikin dutsen, ta koma yumɓu, ƙarfen ciki ya yi tsatsa, har baƙin dutse ya koma ja.

Duwatsun da zan yi maka bayani a kansu asalinsu narkakken dutse ne da ya huce ya daskare, zafinsa tsakanin digiri 700 zuwa 1200 a ma'aunin salshiyas. Abu uku ke narkar da dutse a can ƙasa: zafi ya ƙaru, ko nauyin da ya danne shi ya ragu, ko ruwa ya shige shi.

Da ka fasa, fara duba girman ƙwayoyin, don su ne ke gaya maka inda ya huce. Wanda ya tsaya a ƙarƙashin ƙasa a hankali yake hucewa, cikin dubban shekaru, ƙwayoyinsa su sami lokacin girma har ido ya gan su. Giranit da dayorit da gabro ke nan. Wanda dutse mai aman wuta ya fesar waje kuwa nan da nan yake sandarewa, sai ƙwayoyin su yi ƙanana, ko da gilashin ƙara girma mai ninki 10 da ƙyar ka gan su. Nan ne basal da andisayit da rayolayit suke. In hucewar ta yi gaggawa matuƙa, ba ƙwaya ko ɗaya, sai gilashi, wato obsidiyan. In iska ta cika shi yana daskarewa, sai ya fito da huji kamar soso, har ya yi yawo a kan ruwa. Wani lokaci za ka ga manyan ƙwayoyi warwatse cikin ƙanana. Wannan sau biyu ya huce: ya fara a ƙasa, ya ƙarasa a sama.

Abu na biyu shi ne yawan silika, wato sinadarin da ya fi yawa a yashi da gilashi. Giranit da rayolayit sun haura kashi 63 cikin ɗari, dayorit da andisayit suna tsakanin 52 zuwa 63, gabro da basal 45 zuwa 52. Ka lura, giranit da rayolayit haɗinsu ɗaya, wurin hucewa ne ya raba su. Haka gabro da basal.

Mai silika da yawa yakan yi haske, mai ƙarfe da magniziyam ya yi duhu da nauyi. Amma kada ka dogara da launi, a nan masu koyo suka fi faɗuwa. Obsidiyan baƙi ne wuluk, alhali silikarsa kusan ta giranit ce. Gara ka jiƙa fuskar da ka fasa ka nemi ma'adinan ɗaya ɗaya. Kwaz kamar gilashi take, tana karce bakin wuƙa. Felspa tana tsagewa sumul tana ƙyalli. Mika kuwa da farce ma kana ɓare ta.

Idan ƙwayoyin sun yi ƙanƙanta, kada ka yi saurin yanke hukunci. Irin wannan yanka shi ake yi siriri, kaurin milimita 0.03, a duba da madubin ƙara girma na ɗakin bincike. Kuma ka sa tabarau kafin ka ɗaga guduma, ɓarɓashin dutse ido yake nufa.