Turmin haƙori da ya kwanto cikin giɓi: wayar daidaita haƙora tukuna ko dashe tukuna?

Tambaya: Likita, barka da aiki. Shekara 7 ke nan da aka cire mini turmi na ƙasa a gefen dama. Yanzu na nemi a dasa mini haƙori, sai aka ce wanda ke bayan giɓin ya karkace ya cinye wurin, dole sai an fara sa mini waya. Ni kuwa na haura 40. Ba za a yi dashen kawai a huta ba? Daga wata mai karatu.

Amsa: Hajiya, shawarar da aka ba ki tana kan hanya. Haƙora suna jingine da juna ne, idan aka cire ɗaya aka bar wurin shekaru, na baya yakan kwanto gaba a hankali, na sama da ya rasa abokin tauna kuma ya zazzago. Haka ya fi faruwa idan turmin farko aka rasa, wanda ke fitowa tun yaro yana shekara 6, shi ya sa ya fi saurin ruɓewa.

Dalilin da ya sa waya ke zuwa gaba shi ne: haƙorinki na asali yana rataye ne cikin ƙashi da wasu siraran jijiyoyi, su ke ba shi damar matsawa idan an ja shi. Dashe kuwa ƙusa ce ta ƙarfen titaniyam wadda ƙashi ke mannewa da ita kai tsaye. Da ta kama, ta kama ke nan, babu wayar da za ta gusar da ita. Idan aka cusa ta a ɗan wurin da ya rage, an kafa ta a gurbin da ba nata ba har abada.

Ga lissafin. Ƙusar da aka fi amfani da ita tana da kauri kusan milimita 4, kuma ana so a bar aƙalla milimita 1.5 na ƙashi tsakaninta da saiwar kowane maƙwabci. Ke nan ana neman wajen milimita 7, na turmi ma ya fi haka saboda faɗin hula, wato kan haƙorin da ake ƙerawa a ɗora bisa ƙusar. Idan aka matse, ƙashin tsakani yakan zaizaye, dasashi ya ja baya, wani lokaci ma a taɓa saiwar haƙori mai lafiya. Ko da ƙusar ta shiga, ƙarƙashin haƙorin da ya karkace akwai kusurwa da abinci zai riƙa maƙalewa, buroshi ba ya kai wa, daga nan sai ruɓa da ciwon dasashi.

Ba lallai a sa miki waya a baki duka ba. Sau da yawa ana manna ta a haƙora uku ko huɗu na gefen kawai, da ɗan sifirin da ke ɗaga turmin, ko a kafa wata 'yar ƙusa ta wucin gadi a ƙashi, kaurinta bai kai milimita 2 ba, a ja haƙorin daga jikinta, a cire ta idan an gama. Aikin yakan ɗauki kusan wata 6 zuwa shekara, gwargwadon kwanciyar. Abu biyu ke kawo cikas. Turmi idan yana miƙewa yakan ɗan ɗago sama ya riga sauran haɗuwa, sai an riƙa rage samansa kaɗan ko a danne shi. Sannan idan turmin ƙarshe yana bayansa ya tokare, galibi sai an cire shi kafin a samu hanya.

Kada a cire waya don ido ya ga wuri ya buɗe. Sai an ɗauki hoton ƙashi an tabbatar saiwoyin ma sun daidaita, domin kai yana iya miƙewa saiwa tana can a karkace. Bayan dashe kuma ana jiran wata 3 ko fiye kafin a ɗora hula, kuma a duk tsawon wannan lokaci dole a riƙe turmin da waya ko roba, in ba haka ba ya koma inda ya fito.

Shekarunki ba matsala ba ne. Abin dubawa shi ne dasashi: idan yana zubar da jini, a warkar da shi kafin a ja komai. Shan taba da ciwon suga da ba a shawo kansa ba suna rage kamun dashe. A auna ƙashin giɓin kuma, don bayan cire haƙori faɗinsa yana iya raguwa da kusan rabi cikin shekarar farko, wataƙila sai an yi masa ƙari.

Tambaya: An riga an dasa mini haƙori, yanzu nake son gyara sauran da waya. Na makara? Daga wani mai karatu.

Amsa: Ba ka makara ba, Malam. Dashen ba zai motsa ba, sauran ne za a jera su a kewayensa, har ma ana iya amfani da shi a matsayin turken da za a ja su. In tsarin tauna ya canja, a sake hular kawai.

Tambaya: Ɗiyata mai shekara 14 ta rasa haƙori, a dasa mata yanzu kafin na gefe su karkace?

Amsa: A'a. Muƙamuƙinta bai gama girma ba. Haƙoranta za su ci gaba da tasowa, dashen ya tsaya ya zama gajere a cikinsu. A riƙe mata wurin da waya ko haƙorin wucin gadi har girma ya tsaya, yawanci bayan shekara 18. A nemi likitan da ke sa wayar haƙora ya duba ko za a iya rufe giɓin da haƙoranta, a wannan shekarun hakan yakan yiwu, kuma in ya yiwu ba ta buƙatar dashe.