Zaure ɗaya, aiki uku: yaya za a tsara wayarin?

Tambaya: Muna gina zaure a unguwarmu a Zariya. Da safe Islamiyya, da yamma taro, ƙarshen mako biki. Mai wayarin ya ce a ja layi ɗaya, a sa babbar bireka don kada wuta ta riƙa katsewa in an kunna sifiku. Hankalina bai kwanta ba, don yara ne za su cika wurin.

Amsa: Malam, gara da ka tambaya tun ba a yi filasta ba.

A raba layuka. Fitilu da waya mai kaurin 1.5 da bireka mai amfiya 10 (amfiya ma'aunin yawan wutar da ke bi ta waya ne), soket da waya 2.5 da mai 20, kowace na'urar sanyaya ɗaki da nata layin. Wurin da masu sauti za su jona kayansu ma a ware masa nasa. Fitilun a kasa su uku, gaba da tsakiya da baya, kowane kashi da makunninsa. Karatu yana son farin haske, wajen lus 300 (lus ma'aunin haske ne) a kan benci. Na biki a sa masu launin zuma. A kan kowace ƙofa a kafa fitila mai batir.

Sai maganar babbar bireka, wadda kullum nake fama da ita. Aikin bireka tsaron waya ne. In ta faɗi, tana gaya maka an ɗora wa wayar kayan da ya fi ƙarfinta. Ka ɗaura mai amfiya 63 a kan waya 2.5, wayar za ta yi ta ɗaukar zafi cikin silin, robarta ta narke, bireka tana tsaye ƙyam. Na sha buɗe akwatin wuta in tarar da roba ta yi baƙi, tana marmashewa a yatsa, mai gida kuwa yana ta yabon wanda ya yi aikin wai wutarsa ba ta taɓa katsewa ba. Wani ma sai ya cire fis ya naɗa zaren waya. Haba jama'a! Wannan ai wasa da rai ne, a ɗakin da yara za su zauna da allunansu.

Ka sa a kafa wayar ƙasa, wato mai kai wutar da ta zurare cikin ƙasa, da sandarta, da na'urar da ke katse wuta in ta zurare, mai miliamfiya 30. Wayar ta zama jan ƙarfe zalla. Kankare bakinta, in ka ga fari a ciki alminiyum ne aka shafe. Wanda zai yi aikin kuma ya nuna maka takardar shaidarsa ta NEMSA, hukumar gwamnati mai tantance masu aikin wayarin, kafin ka ba shi ko sisi.