Kafin Ka Sa Wa Golf 3 Babban Diski

Ka ce mai Golf 3 ɗin nan, ɗan tasin da ke zirga-zirga tsakanin Jos da Akwanga, yana kukan birki na sakin sa a gangaren Hawan Kibo idan ya yi lodi. Kana tambaya ko a sa masa manyan diski a gaba, a cire duram na baya a mayar da shi diski irin na Golf GTI mai babban inji. Yarona, ajiye sifanar tukuna, mu gane ciwon kafin a sayo magani.

Fara tambayarsa yadda fedal yake ji a ƙafarsa lokacin da birkin ya sake shi. Idan fedal na nan da tauri amma mota ta ƙi tsayawa, ga warin ƙuna, fad ne, wato abin da ke goga diski, ya yi zafi fiye da ƙarfinsa. Idan kuwa fedal ya yi laushi ya nutse ƙasa, bayan an huta ya dawo daidai, man birki ne ya tafasa. Man birki yana shan danshi daga iska. Sabon man birki nau'in DOT 4 ba ya tafasa sai ya kai aƙalla digiri 230 na Salshiyas, amma wanda ya sha ruwa yakan sauko wajen 155. Da ya tafasa sai tururi ya shiga layi, shi kuwa tururi matsuwa yake yi, ba ya tura fistin. Shi ya sa ake canja mai duk shekara 2. Sayi lita 1 a rufaffiyar gora, kada ka karɓi wanda ake aunawa a buɗaɗɗen galan, kuma kada ka haɗa shi da DOT 5, wannan na silikon ne, ba sa gauraya.

Daga nan ka kwance ƙafa huɗun ka duba. Auna kaurin diski: mai milimita 12 idan ya sauko ƙasa da 10 ya gama aiki, mai ramin iska na milimita 20 kuma iyakarsa 18. Siririn diski ba shi da naman da zai haɗiye zafi. Taɓa kalifa, wato ƙarfen da ke matse fad a jikin diski, ka ga ko tana zamewa a kan fil ɗinta, don wadda ta cije takan cinye fad gefe ɗaya ta ja mota gefe. Sa wani ya taka birki da ƙarfi, kai kuma ka riƙe tiyon roba a tafin hannu. In ka ji ya kumbura kamar jijiya, can ƙarfin yake ɓacewa. A baya, ɗaga robar bakin silinda da ɗan yatsa, in ka ga jiƙa to tana yoyo, kuma shu ɗin da ya sha mai ba ya wankuwa, sai canji. Yawancin motocin da ake cewa birkinsu ya yi ƙarami, a nan maganarsu take ƙarewa: sabon mai, fad na kirki, sababbin tiyo.

In duk wannan lafiya amma har yanzu zafi na cin ƙarfinsa, to ƙarin girman gaba yana da amfani. Ƙananan Golf 3 da yawa suna zuwa da diski milimita 239, za ka iya komawa 256 mai ramin iska a tsakiya, duk a kan noti huɗu. Amma ba diski kaɗai za ka saya ba. A tsarin 239, mariƙin fad a jikin nakul, wato ƙarfen da ke riƙe hob da kalifa, aka ƙera shi, ba ya cirewa, saboda haka sai ka samo nakul biyu, kalifa biyu da mariƙansu daga mota ɗaya a wajen masu kayan Beljiyam. Diski da fad kuwa sababbi za ka sa. Rim 13 ba zai rufe wannan kalifar ba, sai 14. Fistin ɗin sabuwar kalifa milimita 54 ne, na tsohuwar 48, ke nan yana buƙatar mai fiye da da. In masta ɗinsa, wato famfon man birki da fedal ke turawa, mai milimita 20.6 ce, fedal zai yi nisa kafin ya kama; mai 22.2 ce ta dace. Kar ka bi 280 na manyan injuna, zai ja ka sayen rim 15 da kashe kuɗin da motar ba ta buƙata.

Wajen ɗaurawa, goge tsatsar fuskar hob da takardar yashi har ƙarfe ya yi fes. Ɗan datti kamar ƙwayar gero a bayan diski ya isa ya sa fedal rawa bayan wata guda. Kalifa na da hagu da dama, bakin cire iska dole ya kasance a sama. In ka juya su za ka wuni kana famfo iska ba ta fita. Kada fetur ko girisi na yau da kullum ya taɓa robobin ciki, kumbura suke yi. Sa sabon notin shaf, kuma kar a tura motar kafin a ɗaure shi, boris yake lalacewa. Tunda ka taɓa nakul, alaimen ya zama dole.

Maganar baya kuwa, ban yarda ka taɓa ba. Da an taka birki nauyi gaba yake komawa, ƙafafun gaba ke ɗaukar mafi yawan aikin, duram na milimita 200 ya ishi bayan wannan motar. Idan tayoyin baya suka riga na gaba kullewa, mota juyawa take yi ta ba hanya baya, a kan kwalta mai ruwa ko babu gudu sosai. In motar na da bawul ɗin nan mai sifirin kusa da gatarin baya, wanda ke rage wa baya ƙarfi gwargwadon lodi, motsa hannunsa ka tabbatar bai cije ba. Wasu sukan cire shi su haɗa layi kai tsaye, wannan wasa da rayukan fasinja ne.

Cire iska daga baya dama, baya hagu, gaba dama, sannan gaba hagu, kana lura kada kofin mai ya bushe. In tsohuwar masta ce, sa guntun katako a ƙarƙashin fedal don kada robobinta su shiga wurin da ya yi tsatsa su yage. Notin taya kuma Nm 110 a sifanar awo.

Sai ka fita hanyar da babu jama'a, ka rage gudu daga 60 zuwa 10 kamar sau goma ba tare da ka tsaya cak ba, ka yi tafiyar minti biyar birki ya huce. Duba tayoyinsa ma, birki taya yake riƙewa, taya ce ke riƙe kwalta. Kuma ka gaya wa direban ya sa giya biyu ko uku tun daga saman gangare, ya daina sakin mota a furi don tsimin mai.