Tsagogin riƙo a jikin mariƙi mai kewaye

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina koyon zanen kayan inji da manhajar FreeCAD a nan Sharaɗa, kuma ina son yin tsagogi a jikin mariƙi mai faɗin milimita 30 domin kada ya riƙa sulɓewa daga hannu, amma ko da yaushe tazararsu ba ta daidaita. Yaya zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Da alama kana zana kowace tsaga daban, kuma nan ne matsalar take. Ka yanke tsaga guda kawai, ka kashe kaifin bakinta, sannan ka sa umarnin maimaitawa a kewaye ya jera sauran bisa layin tsakiyar mariƙin. Kewayen mariƙinka ya kai kusan milimita 94, don haka tsagogi 24 za su zauna a kowane digiri 15, da tazarar kusan milimita 3.9, wadda a ganina ta dace da yatsu.

Ƙirar da tsagogi ke sarƙewa kuwa, tana buƙatar yanka mai murɗewa ta dama da ta hagu, kuma tana nauyaya kwamfuta ƙwarai. Idan injin sassaƙar ƙarfe ne zai yi aikin, kada ka wahalar da kanka, ka rubuta nau'in tsagar a takardar zane, domin mai injin yana da abin matsa ta. Idan firintar 3D ce, wato injin da ke gina abu da narkakkiyar roba, dole ka zana, kuma kada faɗin tsagar ya gaza bakin firintar, wanda galibi milimita 0.4 ne.