Amsa Ga Mai Son Zuwa Karatun Tarihin Farkon Jamhuriyar Amurka

Ƙanena, saƙonka ya iso, kuma shi ne na huɗu irinsa da na samu daga gida tun bayan ƙaramar salla, saboda haka zan amsa a fili domin sauran ma su gani. Ka ce ka gama digiri a fannin tarihi, kana son zuwa nan Amurka ka yi digirin digirgir a kan shekarun farko na jamhuriyar Amurka, domin George Washington da Thomas Jefferson, shugaban ƙasa na farko da na uku, da tsarin mulkin 1787 suna burge ka. Maganar cike takardu da neman biza kowa zai iya yi maka, ba zan ɓata lokaci a kanta ba.

Ka fara sanin cewa babu malamin da ke zaune yana jiran wani ya zo daga Najeriya ya sake ba da labarin shugabannin ƙasa. Masu wannan fanni sun daɗe da komawa cikin gidaje da kasuwanni da majami'u da gonaki, suna tambayar yadda ungozoma da maƙeri da bawa suka rayu tsakanin ƙarshen yaƙin neman 'yanci a 1783 da wajajen 1830. A nan za a jefa ka, kuma abin da za ka tarar ba zai yi maka daɗi ba. Ƙidayar farko ta 1790 ta samu mutum kusan miliyan 4, kusan 700,000 daga cikinsu bayi ne, kuma a wannan shekarar majalisa ta kafa dokar da ta keɓe wa farar fata 'yantacce kaɗai damar zama ɗan ƙasa idan baƙo ne. Jefferson ɗin da kake yabo ya mallaki mutane fiye da 600 a tsawon rayuwarsa. Da Eli Whitney ya ƙera injin gurzar auduga a 1793, sai bauta ta ƙara gindin zama, ta yadda ko da aka hana shigo da bayi daga Afirka a 1808, cinikin ya ci gaba a cikin gida, ana raba uwa da ɗa ana tura su gonakin kudu.

Duk wannan na karanta shi tun ina gida, bai hana ni barci ba. Ranar da abin ya same ni ita ce ranar da na zauna a ɗakin ajiye tsofaffin takardu, inda ba a shiga da biro sai fensir, aka kawo mini lissafin gadon wani manomi. Na bi layi-layi, ga tukwane, ga katifa, ga shanu, sai kawai ga sunan mace da ɗanta, an rubuta farashinsu a gefe da hannu ɗaya da tawada ɗaya. Na fita waje cikin sanyi na tsaya, domin ban san wanda zan gaya wa ba. Ka kuma shirya wa rubutun hannun mutanen wancan zamani, wanda harafin s yake kama da f. Wata shida na yi kafin idona ya saba.

Akwai tarkon da nake so ka kiyaye. Da zarar an ji kana karanta Larabci, za a ɗora maka takardun Musulmin Afirka ta Yamma da aka bautar, musamman tarihin rayuwar Umar ibn Sa'id, mutumin Futa Toro, a yankin kogin Senegal, da aka sauke a Charleston, wani birnin bakin teku a kudancin Amurka, a 1807, wanda ya rubuta labarinsa a 1831 ya buɗe shi da Suratul Mulk. Aiki ne mai daraja, kuma duk wanda ya yi makarantar allo zai gane abin da malamin yake nufi da fara rubutu da ayar da ta ce mulki a hannun Allah yake, alhali wani yana da'awar ya mallake shi. Amma wani malamina, ba zan kama suna ba, shekara biyu yana turo mini irin waɗannan takardu ina fassara masa, a wurin taro kuma ya gabatar da ni a matsayin tafintansu, sunana bai taɓa fitowa a rubutunsa ba. Kunya irin ta gida ta hana ni magana, har sai da na gane cewa a nan wanda ya yi shiru an ɗauka ya yarda.

Da na farga, sai na zaɓi abin da babu wanda ya zata, wato annobar shawara da ta kashe kusan mutum 5,000 a Filadelfiya a 1793, lokacin birnin ne fadar gwamnati. Masu hali sun gudu, baƙaƙen fata ƙarƙashin jagorancin Richard Allen da Absalom Jones suka tsaya suna jinyar marasa lafiya da binne gawa, bisa kuskuren likitocin da suka ce cutar ba ta kama su. Da annobar ta lafa aka zarge su da sata da tsawwala kuɗi, su kuma suka buga martani a 1794 suna lissafa abin da suka kashe daga aljihunsu. A kan wannan na kare kundina bayan shekara bakwai, kuma ba na jin nauyin cewa da gumina na samu.

Game da kuɗi, kada ka kuskura ka sa mahaifinka ya sayar da gona. Idan jami'a ba ta ɗauke maka kuɗin makaranta ta kuma ba ka alawus ba, ka zauna a gida. Ko an ba ka, haya za ta cinye rabi, za ka koyar da ɗalibai ka duba takardunsu har tsakar dare, 'yan uwa kuma suna can suna lissafin dala. Guraben koyar da tarihi a jami'o'in nan sun yi ƙaranci ƙwarai, na san waɗanda suka fi ni ƙoƙari da suka bar fannin.

Idan duk da haka kana nan a kan bakanka, ka rubuto mini shafi biyu a kan tambaya ɗaya tak da kake son bincika, da irin takardun da kake ganin za su amsa ta. Idan na buɗe na sake ganin yabon Washington, ba zan amsa ba. Ka gaida Baba da mutanen gida.